Sana'ar Burodin Oda da Ƙananan Injina

Burodin oda nake yi, kuma da ƙananan injinan nan na gida nake yin sa, irin wanda ake zuba wa ruwa da fulawa da yis a danna maɓalli, bayan awa uku zuwa huɗu ya yi ƙara a ciro burodi. Guda ɗaya tak. Wanda ya san babban gidan burodi, inda ake cika tanda da gwangwanaye jeri-jeri, in ya ji haka dariya yake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Injina shida gare ni a kan dogon tebur, kowanne da lambarsa a jiki, da littafi guda da muke rubuta abin da aka zuba wa kowanne da yadda burodinsa ya fito.

Abin da ya riƙe sana'ar shi ne masu sayen da babban gidan burodi ba ya da lokacinsu. Akwai mai son burodin alkama da dusarta, akwai wanda likita ya ce ya rage gishiri, akwai uwar da ɗanta ba ya shiri da ƙwai ko madara. Mai kwaɓa buhu guda a tashi ɗaya ba zai tsaya ya ware wa mutum ɗaya nasa haɗin ba. Ni kuwa kowane inji kwaɓinsa daban, don haka a safiya guda sai in fitar da burodi kala shida. Gwangwanin marasa ƙwai da madara ma na keɓe shi tare da farfelarsa mai juya kwaɓi, ba ya haɗuwa da sauran ko a wurin wanki.

Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ya fito da wannan inji a tsakiyar shekarun 1980. Da farko abin ya ƙi musu, burodin ba ya kyau. Sai wata ma'aikaciyarsu mai tsara manhaja, Ikuko Tanaka, ta je ta zauna wurin babban mai gashin burodi na wani otal a birnin Osaka tana koyon aiki da hannunta. A can ta lura cewa ba miƙar da kwaɓin kawai yake yi ba, yana murɗa shi a lokacin da yake jan sa. Da ta koma, injiniyoyi suka yi ta gyara har farfela ta iya kwaikwayon wannan murɗin, suka kuma fitar da 'yan layuka masu tudu a jikin gwangwanin don su riƙe kwaɓin yayin da ake jan sa. Duk mai inji ya leƙa cikin gwangwaninsa, da wuya bai ga irin waɗannan layukan ba.

To, hannun mai burodi sun samu sun saka wa injin. Idonsa ne ba su iya saka masa ba. Mai kwaɓa da hannu in ya ga kwaɓi bai tashi ba sai ya ƙara masa lokaci, in ya ga ya yi sauri sai ya gaggauta kai shi wuta. Inji agogo yake bi. Yana da abin jin zafi a ciki, wasu ma sukan ɗan jira kayan haɗi su daidaita kafin su fara juyawa, amma da zarar lokacin gashi ya yi hita za ta kama, ko kwaɓin ya kai ko bai kai ba. Aikina gaba ɗaya shi ne in shirya kwaɓin da zai isa daidai lokacin da agogon ya isa.

Shi ya sa ba a taɓa kofin awo a wurina. Kofi guda na fulawa yana iya zama giram 120 in an zuba ta a hankali, ya haura 150 in an cusa kofin cikin buhu an danna. A burodin kofi uku ko huɗu, bambancin ya isa ya mai da kwaɓi mai laushi ya zama dunƙulen da farfela ke fama da shi. Sikeli muke amfani da shi, babba na fulawa da ruwa, ƙarami mai nuna ɓarin giram na yis da gishiri. Lissafin kuma na masu burodi ne, komai ana auna shi ne da nauyin fulawa. Ruwa kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari, gishiri wajen kashi 2, busasshen yis mai saurin aiki wajen kashi 1. Wato a fulawa giram 500, ruwa kamar mililita 310 zuwa 320, gishiri giram 9 ko 10, yis giram 5, sai sukari da mai kowanne wajen giram 20 zuwa 25. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar littafin da ya zo cikin kwali, ko wane girman inji aka ba shi zai fitar da awonsa.

Fulawar ma ba kowacce ba. Ta burodi furotin ɗinta yakan kai kashi 12 zuwa 14, ta kek kuwa ba ta wuce 7 zuwa 9 ba. Wannan furotin ne, in ya sha ruwa aka murza shi, yake zama danƙon da ake kira gulutin, shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Fulawa mai rauni a inji sai ta ba ka gajeren burodi mai nauyi, kuma ƙara yis ba ya gyara ta, ɓata ta yake ƙara yi.

Duk da sikelin, sai an duba. Wannan ne wurin da na fi takura wa yarinyar da ke taya ni aiki. Bayan minti biyar zuwa goma da fara kwaɓi, a ɗaga murfi a leƙa. Mutane da yawa suna tsoron buɗe murfin, alhali a lokacin kwaɓi ba abin da zai ɓaci, lokacin tashin ƙarshe da gashi ne ba a so a buɗe. Abin da ake nema shi ne dunƙule guda mai santsi, yana zagaye gwangwani yana ɗan manne wa bango yana saki. In aka taɓa shi da yatsa ya ɗan kama amma bai biyo yatsan ba, ya yi. In ya baje a ƙasa, farfela na iyo a cikinsa, ruwa ya yi yawa, a ƙara fulawa cokali guda a jira minti biyu a sake dubawa. In kuwa ya yi gutsi-gutsi, ko ya zama ƙwallo mai tauri yana bugun gwangwani, injin kansa yana nishi, a ƙara ruwa ƙaramin cokali ɗaya bayan ɗaya. Har kunne ma yana aiki a nan. Ina can wajen wanki nakan ji wanda kwaɓinsa ya yi tauri, don ƙararsa ba ta kama da ta sauran.

Me ya sa awo ɗaya yake ba da kwaɓi iri biyu? Fulawa tana shan danshin iska. Buhun da ya zauna cikin laima ba zai karɓi ruwan da busasshe zai karɓa ba, sabon buhu ma daga kamfani guda yakan bambanta da wanda ya ƙare. Shi ya sa duk ranar da muka fasa sabon buhu, inji ɗaya nake fara tayarwa in ga halinsa kafin in zuba wa sauran.

Sai zafi. Yis abu ne mai rai, ya fi jin daɗin kwaɓin da ke wajen digiri 24 zuwa 27, kuma in ruwa ya kai digiri 60 mutuwa yake yi. Juyawar farfela da kanta tana ɗumama kwaɓi. In ɗaki ya yi zafi, aka kuma zuba ruwan ɗumi saboda littafi ya ce a yi haka, kwaɓin zai riga agogo isa. Zai kumbura ya kai maƙura, danƙonsa ya gaji, wuta na kamawa sai saman ya rufta ya bar rami a tsakiya. A irin wannan rana ruwan firiji nake zubawa, in kuma rage yis kaɗan. Yawancin waɗanda ke zuwa min da kukan burodinsu ya faɗa sun ɗauka yis ne bai isa ba, sai su ƙara, gobe ramin ya fi na jiya zurfi.

Burodin rage gishiri shi ya fi ba ni aiki, saboda gishiri ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba. Yana rage wa yis gudu, yana kuma ƙarfafa danƙo. Ka cire rabinsa ka bar yis yadda yake, ka saki linzamin doki ke nan a kan gangara. Don haka duk gishirin da na rage, yis ma sai ya sauka, kuma ba na yarda in cire shi ɗungurum. Mai son babu gishiri ko kaɗan nakan gaya masa gaskiya cewa abin da zai fito ba zai ji daɗin cinsa ba, kuma ba zai daɗe ba.

Na alkama da dusa kuma ruwa ya fi sha, dusar tana yayyanka danƙon, shi ya sa ba ya kai farin burodi tsayi. Tsarin gashinsa a inji ya fi tsawo, a wasu injinan har awa biyar, don a bar dusar ta jiƙa. Ga wanda ke son laushi nakan gauraya shi da farar fulawa rabi da rabi. Tsarin gaggawa da ke fitar da burodi cikin awa ɗaya ko biyu kuwa ba na sayar da abin da ya fito daga cikinsa. Yis ake lafta masa, ba shi da ƙamshi, kafin gari ya waye ya bushe.

Odar safe da agogon jinkiri muke yin ta, yawancin injina suna iya jira har awa 13. Sharaɗin shi ne kada yis ya haɗu da ruwa ko gishiri kafin lokaci. A yawancin injina ruwa ne a ƙasa, fulawa ta rufe shi, gishiri a lungu guda, yis a ɗan rami a saman fulawa. Wasu na Panasonic suna da ɗan akwatin yis a murfi wanda ke sakin sa da kansa. Ƙwai da ɗanyar madara ba sa kwana a inji, masu irin wannan haɗin sai da safe.

Da inji ya yi ƙarar gamawa, a fitar da burodin nan take. Tsarin riƙe ɗumi da ke biyo baya na awa guda tururi yake tarawa, ɓawon ya yi laushi ya yamutse. A kife shi a kan raga ya huce aƙalla awa ɗaya kafin a yanka ko a sa a leda, domin cikinsa bai gama daidaita ba, kuma leda a kan burodi mai zafi gayyatar fumfuna ce. Ramin da farfela ke bari a gindi shi ne tambarin burodin inji. Wasu kwastomomi ba ruwansu, wasu kuwa suna ganin kamar an gutsure musu. Saboda su, bayan farfela ta yi wa kwaɓin bugun ƙarshe, kafin tashin ƙarshe, nakan ɗaga kwaɓin in zare farfelar in mayar da shi, sai ya rage ɗan hujin sanda kawai.

Ba na sa maganin hana fumfuna irin wanda manyan kamfanoni ke sawa, don haka nakan gaya wa kowa cewa burodin kwana biyu zuwa uku ne. Kuma kada a sa shi a firiji. Bushewar burodi ba ƙafewar ruwa ce kaɗai ba, sitacin cikinsa ne ke komawa ya daskare, kuma sanyin firiji ya fi gaggauta hakan. Firiza ce ke tsayar da shi. A yanka, a ɗaure da kyau, a daskarar, a riƙa ciro abin da za a ci.

Wanda ke tunanin shiga wannan sana'a ya fara da lissafin lokaci kafin na kuɗi. Inji ba ya yarda ya tashi da zafi, bayan kowane gashi sai ya huce, in ka matsa masa ya nuna maka alamar kuskure ya ƙi motsi. Saboda haka burodi uku a yini daga inji guda, huɗu in an haɗa da na dare, shi ne iyakarsa. Injinan kuma don gida aka ƙera su, garantinsu galibi ba ya ɗaukar wanda ya sa su kasuwanci. Abin da ke fara mutuwa shi ne robar da ke toshe gindin sandar farfela, sai ka ga baƙin ruwa yana ɗiga ƙarƙashin gwangwani, daga nan sai bel ɗin da ke juya farfela. Jiƙa gwangwani cikin ruwa ta waje yana kashe wannan wurin da wuri, wuƙa ko soson ƙarfe kuma suna kankare rufin da ke hana mannewa. Kafin in sayi kowane inji sai na tabbata ana samun gwangwaninsa da farfelarsa daban, in ba haka ba roba guda ta lalace ka yar da inji sukutum. In wuta ta ɗauke kuma, yawancinsu mintuna kaɗan suke iya tuna inda suka tsaya, bayan haka sai dai ka ciro kwaɓin ka ƙarasa shi a tanda.

Ranar da oda iri ɗaya ta yi yawa, nakan sa injinan a tsarin kwaɓi zalla, wanda ke ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi, in kwashe in siffanta da hannu in gasa su tare a tanda, ɓawon ma ya fi kyau haka, don hitar inji daga ƙasa take, saman burodin yakan fito fari-fari. Amma in mutum ya ga kullum haka yake yi, burodi ashirin ko talatin masu haɗi guda, to ya wuce wurin ƙananan injina. Kuɗin da zai ƙara na bakwai da na takwas gara ya tara ya sayi babban injin kwaɓi da tanda mai hawa biyu, ya bar ƙananan ga masu odar musamman.