Abin da koyar da padel ya nuna mini game da zaɓen raket

A aikin koyar da padel, wato wasan raket mai kama da tenis da ake bugawa a fili mai bangon gilashi, tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce ta raket. Mutum ya wuce matakin ɗan koyo, ya iya jiran ƙwallo ta dawo daga gilashi kafin ya buga, ya fara hawa raga ba tare da fargaba ba, sai ya ji raket ɗinsa na farko ya yi masa kaɗan. Ya zo ya ce yana son wanda zai yi masa komai, ya tsare gida da shi, ya kuma kai hari da shi. Kafin in ambaci sunan kowane kamfani, nakan tambaye shi wace ƙwallo ce ta fi ba shi wuya a fili. Daga amsarsa ake fara zaɓe.

Dalilin yana cikin tsarin wasan kansa. Tun da Enrique Corcuera ya kewaye filinsa da bango a Acapulco ta ƙasar Meziko a 1969, ƙwallon padel ta zama abar da ke wucewa ta dawo. Fili ne mai tsawon mita 20, faɗin mita 10, da mutum huɗu a ciki, don haka maki ɗaya yakan ɗauki bugu da yawa kafin ya mutu. Ka zauna ka kalli wasan matsakaitan 'yan wasa kana lura. Za ka ga yawancin bugun ɗaga ƙwallo sama ne, da tarewa a raga, da ɗebo ƙwallo daga gindin gilashi, da bugun nan na sama mai sanyi da ake kira bandeha. Dukan ƙarfi da ke fitar da ƙwallo waje kaɗan ne ƙwarai. Amma mai sayen raket, wannan kaɗan ɗin yake hangowa.

Dokar hukumar padel ta duniya, FIP, ta riga ta ƙayyade girman raket: tsawo kada ya wuce santimita 45.5, faɗi 26, kauri milimita 38. Kusan duk raket ɗin manya yana nan kusa da wannan iyaka. Bambancin yana cikin siffar kai, da inda nauyi ya rinjaya, da robar ciki, da abin da aka lulluɓe fuska da shi.

Maganar siffa ba ta da tsawo. Zagayayyen raket yana da cibiyar bugu, wato wurin da ƙwallo ta fi fita daidai idan ta daka, mai faɗi a tsakiya, yana yafe kuskure. Mai siffar daimon ya tura cibiyar sama kusa da baki, yana da ƙarfi, ba ya yafiya. Mai siffar ɗigon ruwa yana tsakaninsu, shi ya sa ake cewa shi ne na kowane fage. Gaskiya ne, sai dai sunan siffa kawai ba ya gaya maka yadda raket zai zauna a hannunka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rinjayen nauyi. Ka ɗauki raket biyu, kowanne giram 365 a sikeli, ka ba mutum ɗaya, zai rantse ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Kamar guduma ce: riƙe ta a ƙarshen ƙota daban, riƙe ta kusa da kai daban, alhali ƙarfen bai canza ba. Aunawa ba wuya. Ka ɗora raket a kan yatsa, ka matsa har ya tsaya bai faɗi gaba ko baya ba, sannan ka auna daga gindin mariƙi zuwa wurin. Idan ya faɗo wajen santimita 26, rinjayensa matsakaici ne. Idan ya kai 27 ko ya wuce, nauyin ya tafi kai. Santimita ɗaya tak, amma a raga ake ganin aikinsa. Na sha tsayawa bayan ɗalibi ina kallon hannunsa lokacin da aka harbo masa ƙwallo a ƙirji. Idonsa ya gani, ƙafarsa ta matsa, amma kan raket ɗin bai iso ba, ƙwallon ta daki gefe ta yi tsalle sama, abokin hamayya ya zo ya gama da ita. Shi yana cewa saurinsa ne ya ragu. Na karɓe raket ɗin na ba shi wanda nauyinsa ya fi kusa da hannu, aka maimaita irin wannan ƙwallon, ta koma ƙasa inda yake so. Ga wanda ke neman raket na kowane fage, matsakaicin rinjaye nake ba shi shawara, ko wanda ya ɗan karkata sama kaɗan idan hannunsa ya yi ƙwari.

Sai robar ciki, wadda ido ba ya gani, kuma ita ce ke yanke yadda ƙwallo za ta fita. Yawancin raket na wannan mataki robar EVA ce a cikinsu, akwai mai laushi, akwai matsakaiciya, akwai mai tauri. Mai laushi tana lotsawa ta tunkuɗo ƙwallo da kanta, don haka idan kana can gindin gilashi, ka durƙusa, ba ka da wurin ɗaga hannu, ita za ta taimake ka ka haye raga. Amma idan ka sake ƙarfinka duka, sai ta shanye wani kaso. Mai tauri akasin haka take. Ba ta ba ka komai kyauta, abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma wanda ya iya bugu yana samun daidaiton da mai laushi ba za ta ba shi ba. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne robar tana bin yanayi: zafi yana sassauta ta, sanyi yana ƙara mata tauri. Raket ɗin da ka gwada da tsakar rana ka ji daidai, yana iya zama kamar katako a daren sanyi. Wannan ma dalili ne na tsayawa a matsakaiciya, domin ko ta wane gefe yanayi ya ja ta, ba za ta yi nisa ba.

Lambobin da ake rubutawa a fuska, 3K da 12K da 18K, su ne suka fi ruɗa masu saye. Ma'anarsu yawan ƙananan zare a kowane sili na saƙar kabon, dubu uku, dubu goma sha biyu, dubu goma sha takwas. Ba maki ba ne na inganci. Taurin da za ka ji ya dogara da yawan shimfiɗar da aka yi, da danƙon da aka haɗa su da shi, da robar da ke ƙasa, shi ya sa 12K na wani kamfani bai yi kama da 12K na wani ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da ya tabbata shi ne zaren gilashi ya fi kabon laushi, kuma akwai raket masu haɗa su biyun da suke yi wa matsakaicin ɗan wasa kyau sosai. Kaushin fuska kuwa yana taimakawa wajen murza ƙwallo, amma wanda bai iya yankan ƙwallo da wuyan hannu ba, kaushi ba zai koya masa ba.

Akwai kuma sha'awar raket ɗin gwanaye, kuma ina ganin mutuncin wannan sha'awar, domin ita ce ke sa mutane son wasan. Wanda ya kalli gwanayen padel irin su Alejandro Galán da raket ɗinsa Metalbone na kamfanin Adidas, ko Agustín Tapia da raket ɗinsa AT10 na kamfanin Nox, dole ransa ya biya. Sai dai waɗannan mutane ne da ke atisaye kusan kullum, da masu kula da jikinsu, kuma suna dukan cibiyar raket kusan kowane bugu. Ko a cikinsu ma ana duba gefen da mutum ke tsayawa. A tsakanin masu buga da hannun dama, na gefen hagu shi ya fi samun ƙwallayen gamawa, don haka zai iya jure raket mai ɗan nauyi a kai. Na gefen dama aikinsa shirya maki ne, yana bukatar saurin hannu da daidaito. Idan kuwa kana sauya gefe gwargwadon abokin da ka samu, kamar yadda yawancin ɗalibaina ke yi, kai ne ainihin wanda aka yi raket na tsakiya dominsa.

Batun lafiya ba na wasa da shi. Ciwon gwiwar hannu yana kama masu padel da yawa, kuma raket mai nauyi, mai tauri, mai rinjaye a kai yana ƙara wa jijiyar wurin aiki. Mariƙin da ya yi siriri ma yana sa mutum ya damƙe da ƙarfi fiye da kima. Naɗin mariƙi ɗaya ko biyu yakan gyara wannan, amma a tuna kowane naɗi yana ƙara kusan giram biyar zuwa shida, yana kuma jawo rinjaye zuwa hannu, yayin da kariyar da ake mannawa a baki take ja zuwa kai. Kamfanoni sukan rubuta nauyi a matsayin tazara, misali 360 zuwa 375, don haka wanda za ka ɗauka ɗin shi za ka sa a auna maka.

Gani ya kori ji, saboda haka a gwada kafin a saya idan da hali. Tsarin da nake bi da ɗalibai shi ne mu fara da baya: ƙwallo mai ƙasa daga gilashi, sannan ɗagawa sama zuwa ƙarshen fili, sannan tarewa a raga da sauri, sannan bandeha. Dukan ƙarfi shi ne na ƙarshe, kuma ba na bari a yanke hukunci sai hannu ya fara gajiya, domin a minti goma na farko kowane sabon raket yana da daɗi. Idan raket biyu suka yi kunnen doki, nakan ce a ɗauki wanda ya fi rashin nauyi kuma nauyinsa ya fi kusa da hannu. In daga baya an so ƙarin ƙarfi, ana iya manna masa 'yan giram na dalma a kai, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya zauna. Wanda aka ƙera da nauyi a kai kuwa da wuya a rage masa.