Abincin jirgi

Yau na je filin jirgin sama na Accra ɗauko Hajiya, sai ga ta an turo ta a keken marasa lafiya, ido ya faɗa, tunda ta ci abincin jirgi take amai da gudawa. A mota ƙanina ke ta wasa wai kamar a fim, matuƙa su ci kifi duk su kwanta, ni wallahi dariyar ta ƙi zuwa, hannunta da na riƙe sanyi ƙalau.

Ashe shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba matuƙi da mataimakinsa abinci daban. Yanzu muna gida a unguwar Nima, tana kurɓar ruwan gishiri da suga, ni dai awannin da ta yi a sama babu nata kusa ne suka tsaya min a rai.