Kafin ka ci bashin banki ka sayi gidan haya a Legas

Duk matashin da ya fara tara 'yan kuɗaɗe a kasuwar Mile 12, ko Alaba Rago, ko mayankar Oko-Oba, sai dillalai sun raɗa masa magana ɗaya: karɓi lamuni ka sayi gida, 'yan haya ne za su biya maka. Ni na bi wannan magana, ƙannena, kuma ita ta cinye mini jarin albasata na shekaru.

Abu na farko da ban lura da shi ba shi ne, kuɗin haya sau ɗaya yake shigowa a shekara, banki kuwa duk wata sai ya cire nasa. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya gaba, in ban da unguwanni irin su Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA. To, watannin da ke tsakani wa zai cike su? Kasuwarka. Haka na riƙa zarar kuɗin da ya kamata in aika Aliero a loda mini albasa ina toshe bakin banki, har ranar da mota ta iso ba ni da ko buhu ɗaya a cikinta.

Zauna da biro ka yi lissafin da kanka. A ce gida mai fulat huɗu a Ikorodu, naira miliyan 60. Ka biya 20, banki ya ba ka 40 a kan kuɗin ruwa kashi 25 cikin ɗari. Ruwan kaɗai miliyan 10 ne a shekara, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Ko da kowane fulat yana kawo miliyan ɗaya, huɗu ke nan. Daga cikin huɗun za ka kwashe sokawe, ka gyara injin bohol, ka biya harajin gida na jiha, ka yi fenti idan wani ya tashi. Kuma akwai layin da na sa wa hannu ba tare da na kai wa lauya ya karanta ba: banki yana da damar ƙara ruwan duk lokacin da Babban Banki ya ɗaga nasa. Babban Bankin kuwa ya yi ta ɗagawa har ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Saƙo kawai na gani a waya, biyan wata ya hau.

Ban manta da maganar riba ba, kuma na san ita ke damun yawancinku kamar yadda ta dame ni daga baya. Yanzu akwai zaɓi, wato bankunan da ba sa cin ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, ga TAJ, ga Lotus, suna sayar da gida ta hanyar ijara (ka yi ta biyan haya har gidan ya zama naka) ko murabaha (banki ya saya, ya sayar maka da ribar da kuka daidaita). Ka je ka tambaya, ka kuma tambayi malaminka. Sai dai halaccin ciniki bai hana shi tsada ba, don haka ka sa su rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka gwada da hayar. Shi kuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, ruwansa kashi 6 ne, biya har shekara 30, amma sai wanda ke zuba kashi 2.5 na kuɗin da yake samu a asusun ake bai wa lamunin, kuma an yi shi ne domin gidan da mutum zai zauna a ciki.

Gaskiya ne haya ta tashi sosai tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023. Amma siminti da rodi da leburanci sun tashi tare da ita, albashin ɗan haya kuwa bai bi sahu ba. Dillalai za su ja ka Ibeju-Lekki, su nuna maka matatar Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa. Fili yana tsada a can, amma wanda yake neman kuɗin haya bana, mutanen da ke neman ɗaki bana yake bukata. A ganina ɗaki da falo a Agege, kusa da tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Oyingbo, ya fi saurin samun mai shiga.

Kada ka sayi gida da rani. Ka je a Yuni ko Yuli, bayan an kwana ana ruwa. Duba gindin katanga: idan ka ga fenti ya kumbura, ga wani baƙin layi a miƙe daidai gwiwa, nan ruwa yake tsayawa. Shiga shagon mai kayan masarufi na layin, ka ga ko ya ɗora firjinsa a kan bulo. Nawa gidan da rani na gan shi, 'yan hayar ƙasa biyu kuma damina ɗaya suka yi suka kwashe kayansu.

Rasit ɗin 'yan asalin wurin da ke sayar da filayen gado, waɗanda ake kira omo onile, ba takardar mallaka ba ce. Ɗauki safiyo naka da lauya naka, ba na mai sayarwa ba, su je ofishin filaye da ke Alausa su bincika ko gwamnati ta riƙe wurin, ko hanya za ta bi ta kai, kamar yadda aka rushe gine-gine a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna sayen zai tabbata, kuma wannan ma kuɗi ne da za ka ware tun farko.

Idan ɗan hayar shekara ya daina biya, kada ka kuskura ka cire masa ƙofa ko ka yanke masa wuta, doka za ta hau kanka. Hanyar ita ce notis a rubuce, sannan kotu, kuma shari'a tana jan lokaci. Banki ba zai jira alƙali ba. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka ajiye biyan wata shida a wani asusu dabam wanda ba ya haɗuwa da kuɗin kasuwa.