Abin da kulob ɗin nitso yake koyarwa kafin a kai mutum teku

Hanyoyi biyu ne aka fi bi wajen koyon nitso da tukunyar iska. Akwai makarantun kasuwanci, inda mutum yake biya a horar da shi cikin 'yan kwanaki ya karɓi takardar shaida, akwai kuma kulob, inda masu sha'awar abin suke haɗuwa, tsofaffin hannu su koyar da sababbi sannu a hankali, galibi ba don neman riba ba. Ni ta kulob na shiga, kuma ina ganin duk wanda yake da irin wannan ƙungiya kusa da shi, sannan ba gaggawa yake yi ba, wannan hanyar ta fi masa.

Tsarin kulob ɗin ya tsufa kusan kamar sana'ar kanta. A 1943 ne Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera a Faransa na'urar da ke bai wa mai nitso iska daidai lokacin da ya ja numfashi. Shekara goma bayan haka, a 1953, aka kafa ƙungiyar masu nitso ta BSAC a Birtaniya, wadda har yau ta dogara ne kan rassa da malamai masu aikin sa kai, a 1959 kuma aka kafa CMAS a Monako, wadda ta haɗa ƙungiyoyin ƙasashe da dama. PADI, wadda aka fi saninta a makarantun kasuwanci, a 1966 ta zo a Amurka.

A kulob ɗinmu, ba a taɓa ruwa mai zurfi sai an gama da aji da kuma kwamin ninƙaya. Da farko an gwada ko za mu iya iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan aka zaunar da mu aka yi mana bayanin matsi, wanda shi ne tushen komai. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara wa jiki matsi daidai da na dukan iskar da ke saman duniya, saboda haka a zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu. Iska kuwa tana tsukewa gwargwadon haka, tana kuma buɗewa idan matsin ya ragu. Malaminmu ya nuna mana wannan da robar ruwa wadda ba komai a cikinta: ya toshe ta a sama, ya sauka da ita ƙasan kwami ta lotsa, ya buɗe ta ya cika ta da iska a can ƙasa ya sake toshewa, da ya taso da ita sai ga ta ta kumbura tam. Ya ɗaga ta ya ce mana, "Wannan huhunku ne idan kuka riƙe numfashi kuna tasowa." Daga nan doka ta farko ta zauna mana a zuciya, wato kada a taɓa riƙe numfashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne haɗarin ya fi tsanani a mitoci goman da ke kusa da sama, domin a nan ne iska take ninka girmanta.

Kunne ma yana da nasa darasin. Tun kafin a kai mita biyu mutum zai ji dodon kunnensa yana matsuwa, maganinsa kuma shi ne ya toshe hanci ya hura a hankali, tun kafin zafi ya fara, ya yi ta maimaitawa yana sauka. Idan kunnen ya ƙi buɗewa, sai a ɗan koma sama a sake gwadawa, ba a yi masa dole. Shi ya sa mai mura ba ya nitso.

Inda na fi ganin amfanin kulob shi ne wajen ayyukan da sai an yi ta maimaita su kafin jiki ya saba. Cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa a mayar da shi, sannan a fitar da ruwan da ya shiga ta hanyar danna saman gilashin a hura iska ta hanci, abu ne mai sauƙin faɗi, amma da zarar ruwa ya taɓa hancin sabon shiga, zuciyarsa tana ce masa ya tashi sama a guje. Mako bayan mako muka yi ta yi, durƙushe a ƙasan kwami, wani dattijon memba yana gabanmu yana kallon idanunmu, hannunsa ɗaya a kan madaurin rigarmu, har ranar da tsoron ya gushe. Haka aka yi da nemo abin shaƙar iska idan ya kuɓuce daga baki, da bai wa abokin nitso abin shaƙarka na biyu idan iskarsa ta ƙare. Mafi wuya a cikinsu shi ne tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, inda ɗamarar dalma take jan mutum ƙasa, rigar da ake hura wa iska take ɗaga shi, numfashinsa kuma yake daidaita ragowar: ya shaƙa ya ɗan taso, ya fitar ya ɗan sauka. Wannan ba a koyonsa cikin gaggawa, kuma wanda bai iya shi ba shi ne yake tayar da laka, yake karya murjani da takalman iyonsa, yake kuma ƙarar da iskarsa kafin kowa.

Sai batun naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da tsoka, idan aka taso da sauri kuma sai ya fita a matsayin kumfa, kamar yadda lemon kwalba yake yi idan an ɓalle marfinsa farat ɗaya. Wannan kumfar tana iya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko abin da ya fi haka. Tun 1908 John Scott Haldane ya fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki, kuma kwamfutar da masu nitso suke ɗaurawa a hannu yau a kan wannan tunani aka gina ta. Don haka ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5, ba a kuma hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nitso ɗaya, ko awa 18 idan an yi da yawa. Sabon mai takarda ba ya wuce mita 18 zuwa 20, gwargwadon ƙungiyar da ta horar da shi.

A ƙarƙashin ruwa ba a magana, sai da hannu. Haɗa babban yatsa da manuniya su yi da'ira yana nufin lafiya lau, kuma tambaya ce da dole a mayar da amsarta. Ɗaga babban yatsa kuwa yana nufin a tashi sama, kuma a kulob ɗinmu an koya mana cewa duk wanda ya yi wannan alama, nitso ya ƙare, ba wanda zai tambaye shi dalili ko ya ga laifinsa. Ina ganin wannan ita ce ƙa'ida mafi daraja da na samu a wurin, domin mutum yana iya ɓoye tsoronsa a gaban baƙi don kunya, amma a cikin waɗanda ya saba da su yana faɗin gaskiya.

Kulob yana da nasa nauyi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Horon yana ɗaukar watanni, domin malaman suna da ayyukansu, wani lokaci kuma yanayi yana sa a ɗage fita. Ana sa ran kowane memba ya ɗauki tukwane, ya wanke kaya da ruwan daɗi bayan an fito daga na gishiri, ya taimaka wajen injin cika iska da kula da jirgi. Amma a cikin wannan hidimar ne mutum yake sanin kayan da ransa ya dogara a kansu, ya gane ƙarar iskar da ke zurara daga robar da ta tsufa, ya saba duba ma'auninsa ba tare da an tuna masa ba, ya fara da tukunyar da ma'aunin matsin iskarta yake nuna 200 ya kuma tabbatar ya fito da saura 50. Wanda yake son shiga, ya fara da ganin likita, musamman idan yana da asma ko ciwon zuciya ko matsalar kunne, sannan ya nemi kulob ɗin da ke da rajista da wata sananniyar ƙungiya, ya tambaye su ranar da suke gwajin sababbi a kwami.