Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Wutar Walda

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya kama hannuna ya kai ni Panteka, nan Kaduna, ya danƙa ni ga wani amininsa mai walda, ya ce masa, "Ga amana nan." Shekarata 15 a lokacin.

Aikina na farko riƙe ƙarfe ne. Oga yana haɗa ƙyauren gida, ni kuma ina danne masa gefe don kada ya goce. Kafin ya fara ya dube ni ya ce, "Kai yaro, duk sanda ka ji na ce 'ido', ka kau da kai." Na ce to. Amma wutar nan tana jan ido, fara ce fat da shuɗi a gefenta, kamar walƙiya ta sauko ƙasa ta ƙi komawa. Sai in riƙa satar kallo ta ƙasan hannuna. Har muka tashi ban ji komai ba. Na koma gida na ci tuwo, na yi sallar isha, na kwanta.

Wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an ɗebo yashi an cusa mini a idanu. In na buɗe zafi, in na rufe zafi, hawaye kuwa sai zuba suke yi har suka jiƙa matashi. Inna ta kunna fitila, na ƙwalla ihu ta kashe. Ta zauna a kaina tana tofi tana cewa, "Ɗan nan, me ya shiga idonka?" Har ta aika a ɗauko kwalli, Kawu ya shigo ya hana. Ya ce kada a sa kwalli, kada a ɗiga madara, kada kuma in murza. Tsumma mai tsabta ya jiƙa da ruwan randa ya ɗora mini, muka kwana a haka cikin duhu.

Da safe ya kai ni asibitin ido. Likita ya yi mana bayani cewa a cikin hasken walda akwai wani haske da ido ba ya gani, shi ne yake ƙona fatar saman ƙwayar ido, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan awa 6 zuwa 12. Shi ya sa yake kama mutum da tsakar dare. Ya ba ni magani, cikin kwana biyu na warke, amma ya ja kunnen Kawu cewa maimaita irin wannan ƙuna yana iya lalata gani.

Har yau raina yana ɓaci idan na wuce bakin titi na ga yaro yana walda da baƙin tabarau na kwalliya, irin na kasuwa. Wannan ba kariya ba ce. Waldar lantarki tana buƙatar gilashi mai lambar duhu 10 zuwa 13, a cikin garkuwar da ke rufe fuska gaba ɗaya, domin hasken yana ƙona fata ma. Waldar gas ce ake yi da mai lamba 5. Kuma alhakin yana wuyan maigida, don yaro bai san abin da ke jiransa da dare ba.

Ranar da na koma, Oga bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini tsohuwar garkuwarsa da safar hannu ta fata. Faɗan da ya taɓa yi mini na gaske a kan tukunyar iskar oksijin ne. Na gama shafa wa wani inji giris, na kai hannu zan buɗe kan tukunyar, ya doke hannuna da ƙarfi har na ji a kafaɗa. "Maiƙo da oksijin ba sa haɗuwa," in ji shi, "ko babu ashana sai su kama." Daga nan ya nuna mini jar tiyo ta gas ɗin kabaid, da shuɗiya ta oksijin, ya koya mini neman inda ke yoyo da kumfar sabulu.

Bayan wata biyu, wata ranar Alhamis da la'asar, wani direban bas ya kawo tankin fetur da ya tsage a gindi. Ya rantse ya juye man tun shekaranjiya, ya kuma shanya shi a rana. Oga ya kai hanci bakin tankin ya ɗago.

"Malam, sai gobe. Za a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a cika shi da ruwa har kusa da tsagar, sannan in sa masa wuta."

"Haba Oga, ai babu ko ɗigon mai a ciki!"

"Man ya fita, tururinsa na nan. Shi ne yake fashewa."

Direban ya ce yana da lodin asuba. Ya ƙara kuɗi, Oga ya girgiza kai. Sai ya saɓi tankinsa ya tsallaka rumfar da ke bayanmu, inda wani abokina yake koyon aiki. Tare muke cin ƙosai kullum da safe, shi ne ma ya raka ni gida ranar farko da ban san hanya ba.

Ina tattara guntayen sandunan walda a gwangwani na ji ƙarar. Kwanon rumfarmu ya girgiza, ƙura ta zubo mana a kai, kunnena ya toshe. Oga ya kashe injinmu, ya fizgi bargon da yake shimfiɗa wa a kan benci, ya fita da gudu, ni kuma na bi shi. Tankin ya buɗe kamar an fasa ƙwarya. Abokina yana birgima a ƙasa, rigarsa ta leda ta narke ta manne masa a ƙirji. Oga ya lulluɓe shi da bargon har wutar ta mutu, yana daka mini tsawa, "Ruwa, yaro! Ruwa mai yawa! Kada kowa ya ja rigar nan!"

Yadda muka kai shi asibiti, da abin da mahaifiyarsa ta faɗa wa Oga a bakin ƙofar ɗakin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.