Auna girman gonaki daga sama: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyo, a wannan zagayen mun wuce tambayar "nan gona ce ko ba gona ba", mun shiga ta girmanta. Nan ne aikin ya fara nuna halinsa.

Ma'aunin da muke bi na Geo-Wiki ne, dandalin intanet da cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa IIASA, da ke Ostiriya, ke gudanarwa. A 2017 masu sa kai suka duba wurare kusan 130,000 a faɗin duniya ta hotunan sama masu kaifi, suna jefa kowanne a ɗaya daga aji biyar: ƙasa da hekta 0.64, daga nan zuwa 2.56, zuwa 16, zuwa 100, sai abin da ya haura 100. Alƙaluman kamar tsinto su aka yi, amma kowanne murabba'i ne. Mita 80 sau 80 shi ne 0.64, mita 160 sau 160 shi ne 2.56, mita 400 sau 400 shi ne 16, kilomita ɗaya sau ɗaya kuwa 100. Saboda haka ba sai kun zana iyaka ba. Ku shimfiɗa raga mai ido mita 80 a kan hoton cikin manhajar taswira ta QGIS, ku ƙirga: gonar ta cika ido ɗaya, ko huɗu, ko 25? In wuri ya haɗa manya da ƙanana, mu dai ajin da ya fi cin fili muke rubutawa, ba wanda ya fi yawan gonaki ba.

Da yawa sun gwada yin wannan kai tsaye da tauraron ɗan'adam Sentinel-2, tunda hotonsa kyauta ne kuma yana dawowa wuri ɗaya duk kwana 5. Ga inda gizo ke saƙar. Ɗigo ɗaya na hotonsa mita 10 ne sau 10, wato hekta guda ɗigo 100. Gona mai rabin hekta ɗigo 7 sau 7 ce, 49 ke nan. Ku cire layin gefe, inda launinta ya cakuɗe da na maƙwabciya, sai 25 su rage. Kusan rabin gonar ya tafi a baki. Shingen da bai wuce mita biyu ba kuwa ɓacewa yake sam, sai gonaki biyar masu shuka iri ɗaya su fito a matsayin ƙatuwar gona guda. Shi ya sa taswirar da na'ura ta zana ita kaɗai kan kumbura girman gonakin ƙananan manoma. Tauraron Landsat mai ɗigo mita 30, hekta ɗaya ɗigo 11 ce kacal. Ba na wannan aikin ba ne.

Amfanin Sentinel-2 a wurinmu shi ne raba gona da saura ko makiyaya. Ku lissafa NDVI, ma'aunin koren tsiro, da zangon haske na 8 da na 4 a kowane hoto mai tsabta na shekara. A ma'aunin, gona takan faɗi ƙasa lokacin huɗa, ta haura da sauri, ta sake faɗowa farat ɗaya da girbi. Ciyawa a hankali take bushewa. Ku share gajimare da inuwarsa tukuna ta shimfiɗar SCL, wadda ke ware gajimare da inuwa a hoton Sentinel-2, in ba haka ba inuwa za ta yi muku kama da girbi.

Kuskuren da ya fi maimaituwa a fayilolin da muka duba na tsarin taswira ne. In shimfiɗa tana kan EPSG:4326, tsarin da ke auna wuri da digiri, kuka sa area($geometry) don lissafa faɗin fili, amsar da digiri za ta fito, ba da mita ba. In tana kan EPSG:3857, wanda hotunan intanet ke zuwa da shi, fili yana kumbura gwargwadon nisa daga layin ikweta, har ninki huɗu a digiri 60. Ku mayar da ita UTM na yankin, tsarin da ke auna da mita, sannan ku raba amsar da 10,000 don samun hekta.

Kowane wuri mutum uku ke dubawa, ba tare da ganin amsar juna ba. Inda aka saɓa, ku fara duba ranar hoton, don sau da yawa ɗaya na rani ya kalla, ɗaya na damina. Zagaye mai zuwa za mu gwada tauraron Sentinel-1 a yankunan da gajimare ya hana mu hoto, tunda radarsa na ratsa shi.