Alƙawarin Faransa da jiragen ruwan Amurka a Bahar Rum

Kafin 1776, jiragen fataken Amurka na shiga Bahar Rum ne ƙarƙashin inuwar Ingila. Kowane kyaftin yana riƙe da takardar izinin wucewa wadda aka yanke samanta a karkace, aka aika wa mayaƙan ruwa na Aljiyas da maƙwabtanta guntun. Idan suka tare jirgi sai su haɗa biyun, in bakin yankan ya dace su sake shi. Da Amurka ta ɓalle, wannan kariya ta tafi, ga shi ba ta da rundunar ruwan kirki.

Sai ta nemi Faransa. A yarjejeniyar abota da ciniki ta 6 ga Fabrairu 1778, sashe na 8 ya ce Sarkin Faransa zai sa baki wajen Sarkin Maroko da masu mulkin Aljiyas, Tunis da Tarabulus don jiragen Amurka su tsira. A nan matsalar take: sa baki kawai aka yi alƙawari. Babu rakiyar jiragen yaƙi, babu kuɗi, babu wa'adi. Kuma ƙasar da ta riga ta sayi zaman lafiya wa jiragenta ba za ta yi gaggawar share wa abokin gasar kasuwa hanya ba.

Maroko ba ta ma buƙaci ɗan tsakiya ba. Tun Disamba 1777 Sarki Sidi Muhammad ya buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsa, amma ya gaji da jiran jakada, har aka kama jirgin Amurka mai suna Betsey a 1784 don a jawo hankalin Amurkawa. Sifaniya ce ta taimaka aka sako shi. A 1786 wakilin Amurka Thomas Barclay ya je Marrakesh da kansa, ya ƙulla yarjejeniyar shekara 50 ba tare da harajin shekara-shekara ba.

Aljiyas kuwa, a nan aka ji jiki. A Yuli 1785 aka kama jiragen Amurka biyu, Maria da Dauphin, da mutum 21. An tura John Lamb da ikon biyan dala 200 kan kowane mutum, mai mulkin Aljiyas ya nemi kusan dala 60,000 gaba ɗaya. Lamb ya koma hannu rabbana, mutanen suka ci gaba da aikin bauta, wasunsu annoba ta kashe su. Abin da ya rage ɓarnar shi ne jiragen yaƙin Fotugal da suka toshe wa mayaƙan Aljiyas mashigin Jibiralta, hanyar fita daga Bahar Rum. Da Fotugal ta tsagaita wuta da Aljiyas a 1793, nan da nan aka kama ƙarin jiragen Amurka 11.

Wannan ya sa majalisar Amurka ta amince a ƙera jiragen yaƙi 6 a 1794. Sulhun da aka yi da Aljiyas a 1795 ya ci dala 642,500, ga kayan ƙera jirgi na dala 21,600 duk shekara. Sai a 1796 waɗanda suka rayu cikin fursunonin suka bar Aljiyas, wasu bayan shekara 11 a tsare.